Lita Ɗaya a Hanyar Sabuwa

Ranar Asabar bayan la'asar kwamitin mota ya zauna a gindin darbejiyar da ke gaban shagon Alhaji Badamasi, a wata unguwa da ke gefen Tafoki. Mutum biyar ne, da direba na shida. Magana ɗaya ce ta tara su: baƙin man motar gari yana raguwa, kuma ba a san inda yake zuwa ba.

Motar tsohuwar wagon ce shuɗiya. Mutanen unguwar suka haɗa hannu suka saye ta shekara huɗu da suka wuce, domin kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti. In babu mara lafiya, akan ba da ita ga masu zuwa ta'aziyya. Tun ranar da aka kawo ta Almu ke jan ta. Shekararsa hamsin da biyu. Ya yi shekara tara yana jan motar haya kafin ya dawo gona, kuma makullin motar gari bai taɓa kwana a aljihun wani ba.

Alhaji Badamasi, shugaban kwamitin, shi ya jero abin da aka sani. In motar ta je Faskari ta dawo, mai yana nan a kan layin geji. In ta je Ƙanƙara yakan sauka kaɗan. In ta je Sabuwa ta dawo, lita ɗaya cur ta tafi. Sau huɗu ke nan cikin mako shida. An kai ta wurin makanikai biyu. Na farko ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ta wuni ta kwana a kai, kwalin ya tashi ba ɗigo ko ɗaya. Na biyu ya sa aka taka totur ya tsaya a bayan salansa, bai ga shuɗin hayaƙi ba. Ya kwance fulogai huɗu ya same su a bushe.

"To, ba ta zubarwa, ba ta ƙonawa," in ji Alhaji Badamasi. "Ni dai ban san hanya ta ukku da mai ke bi ya bar mota ba, in ba hannun mutum ba."

Ba wanda ya dubi Almu. Kowa a wurin ya san Mani, ƙanen Almu, yana zaune a Sabuwa, yana da injin casar masara, kuma kaka ce, injin ba ya hutawa.

"Alhaji, in magana ce a yi ta a hili," in ji Almu.

"Ban kama sunan kowa ba."

"Mutum guda ke riƙe da makulli. Ba sai ka kama suna ba."

Maharazu, magatakardan kwamitin, ya kawo shawara: a hana motar zuwa Sabuwa gaba ɗaya, ranar Juma'a kuma a karɓi makulli a ba wani. Ya ce ba zargi ba ne, kiyayewa ce. Almu ya gane abin da hakan ke nufi. In aka daina zuwa Sabuwa mai zai daina raguwa, kowa zai ce an gano bakin zaren, shi kuma ba shi da ranar wanke kansa.

"Ka biyo ni Sabuwa ka gani da idonka," ya ce wa Alhaji Badamasi.

"Masarata na zube a gona. Ba ni da wunin yawo."

Hajiya Dada ce ta katse su. Ita ce ungozomar unguwar, ita kaɗai ce mace a kwamitin, kuma ta fi kowa shiga motar.

"Ku ban damu da wanda ya ci nasara cikinku ba," ta ce. "Ni ke zama baya da mace tana naƙuda. In inji ya kama a hanyar nan, inda ba wanda ke son tsayawa ko taya ce ta hwashe, ba ku ne a ciki ba. A kai ta Ƙanƙara wurin Malam Gide. Kai kuma Alhaji ka bi su. Taubashinka ne, ba za ka ce ya goyi bayan Almu ba."

Alhaji Badamasi ya gyara hula. Aka tsaya a kan haka: in har Juma'a ba a gano inda man ke zuwa ba, Almu zai ajiye makulli.

Ranar Litinin Almu da Alhaji Badamasi suka kama hanyar Ƙanƙara ƙarfe tara, lokacin da hanya ta cika da motoci.

Garejin Malam Gide rumfar kwano ce a bayan tasha, da rami ɗaya da akwatin sifanoni da benci. Ya haura shekara sittin, gajere ne, yana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Ya fito yana share hannu, ya dubi Alhaji Badamasi daga hula zuwa takalmi.

"A'a, Alhajin masara! Yau rana ta ina ta hito? Ko an ce maka nan ana raba taki?"

"Ka bar wasa, Gide. Matsala ce ta kawo mu."

"Na sani. Kai ba ka zuwa gaisuwa."

Bai buɗe bonet ba. Ya zaunar da su a benci ya sa Almu ya ba shi labari daga farko. Da Alhaji Badamasi ya fara sako maganar Mani da injinsa, Malam Gide ya ɗaga hannu.

"Ni mota nake gyarawa. In mutum ne ya lalace ku kai shi wurin liman. Almu, yaushe ta soma?"

"Bayan damina, Malam."

"Mi ya faru da damina?"

"Kwalbatinmu ta karye. Motar ta yi kusan wata ukku ba ta hita ba."

"Ina ta zauna?"

"Cikin gidana, kusa da rumbu."

Malam Gide ya gyaɗa kai. Ya tambayi yadda hanyar Faskari take daga unguwarsu. Almu ya ce ta cikin gonaki yake ratsawa, ramuka ne, giya biyu, da ƙyar ya sa ta uku. Hanyar Sabuwa fa? Ya ce mafi yawanta kwalta ce, kuma doguwa.

"Nawa kake gudu?"

"Ɗari. Inda ba a son a daɗe, ɗari da goma."

"Ka ji ko?" in ji Alhaji Badamasi.

"Na ji. Kai ma in kai ne a wurin da ɗari da ashirin za ka yi, kana salati." Malam Gide ya miƙe. "Ga abin da na fahimta. An shimfiɗa mata kwali tana kwance. An dubi hayaƙinta tana tsaye. Ba wanda ya dube ta tana gudu, alhali kuwa a gudu take shan man. To, mu za mu dube ta."

Aka hau da motar kan rami. Ƙarƙashinta duk ɓawo ne, ja da baƙi, kaurin yatsa. Malam Gide ya kankare kaɗan da wuƙa ya nuna musu.

"Wanga kowace tsohuwar mota na da shi," in ji Alhaji Badamasi.

"Gaskiyarka. Shi ya sa ba ya gaya mana komi. Sai an share allo kafin a yi rubutu."

Shi da Almu suka yi awa guda a cikin ramin suna kankara, suna wankewa da kananzir da ruwan sabulu, har ƙarfe ya fito. Alhaji Badamasi ya zauna a benci yana duba waya. Da ƙasan ya bushe, Malam Gide ya ɗauko wani tsohon gwangwani ya dama farar ƙasa, irin wadda mata ke shafe ɗaki da ita, ya ɗauki burushi ya shafe ƙasan injin gaba ɗaya, ya bi da giyabos har bayan motar. Suka jira rana ta busar da ita.

"Yanzu ta zama amarya," ya ce. "Alhaji, taso. Kai za ka zuba mai da hannunka, kai za ka karanta geji. Ba na son gobe a ce ni da Almu mun haɗa baki."

Alhaji Badamasi ya zuba har man ya kai layi, ya rufe murfin, ya rufe bonet da kansa. Suka shiga su uku, shi a gaba, Malam Gide a baya. Almu ya kama kwalta wajen Mabai. Malam Gide ya ce ya yi irin gudun da yake yi in za shi Sabuwa, kada ya rage don ganin idon shugaba. Suka yi minti ashirin, suka juya, suka yi ashirin suka dawo.

Aka sake hawa rami. Malam Gide ya shiga da tocila. Bai daɗe ba ya leƙo.

"Alhaji, tuɓe babbar riga ka shigo."

"Ka gaya mani daga nan."

"A'a. Kai ka ce ba hanya ta ukku. Zo ka gaishe ta."

Alhaji Badamasi ya tuɓe rigar ya ba Almu, ya sauka a hankali yana dafa bango. A kan farar ƙasar, daga gefen baya na gaskit ɗin da ke riƙe tukunyar mai a ƙasan inji, wani baƙin layi ya fito. Siriri ne a farkonsa, sannan ya baje, ya bi cikin giyabos ya yi baya, ya warwatsu ɗigo-ɗigo har wajen tayoyin baya. A ƙasan ramin babu komai.

"Tana gudu yake hita," in ji Malam Gide. "Iska ta kwashe shi ta yi baya da shi, ƙurar hanya ta shanye sauran. Kafin ta tsaya ya daina. Ka shimfiɗa kwali shekara guda, ba ka ganin komi."

Alhaji Badamasi ya sa yatsa ya taɓa layin, ya duba yatsan, ya shinshina. Ya daɗe bai fito ba.

Almu ya durƙusa a bakin ramin ya gani. Ya koma benci ya zauna da rigar Alhaji a cinyarsa, ya ce, "Alhamdu lillahi," sau ɗaya, ƙasa-ƙasa.

"To sai a canja gaskit," in ji Alhaji Badamasi da ya fito.

"In na canja, sabon ma zai bi sahu. Gaskit ɗin da ke riƙewa a tsaye ya saki a guje, ba laifinshi ba ne, tura shi ake daga ciki. Iska ce ke taruwa cikin injin tana neman hanya."

"Mi ke kawo ta?"

"Abu biyu. Ko dai ringin fistin sun cinye, to sai an sauke inji, motarku ta yi mako ukku nan. Ko kuma wani abu daban."

Alhaji Badamasi ya karɓi rigarsa ya saka. Muryarsa ta dawo daidai.

"In ringi ne, gudu ne ya cinye su. Ɗari da goma da tsohuwar mota! Almu, na ga inda man ke bi, ban musa ba. Amma wanda ya kashe mana inji ma ba a bar mashi makulli."

Almu ya dubi Malam Gide.

"Kai dai ba ka iya komawa gida hannu banza," Malam Gide ya ce wa taubashinsa. "Tsaya tukuna. Na ce ko wani abu daban."

Ya buɗe bonet, ya cire murfin mai, ya ɗauko farar leda ya ɗaura a bakin da zare. Ya ce Almu ya tayar. Inji na tashi ledar ta fara motsi. Da Almu ya taka totur ya riƙe, ta cika ta yi tam, ta tsaya kamar mafitsarar sa da yara suka hura. Malam Gide ya yi alama aka kashe.

"Iskar ke nan. Kowane inji na tara ta, ko sabo ne, ɗan abin da ke kuɓuce wa fistin ya sauka ƙasa. Shi ya sa aka yi mashi hanci." Ya nuna wani baƙin tiyo mai kaurin babban yatsa, wanda ya taso daga saman injin ya shiga akwatin tace iska. "Ta nan yake numfashi. Kafin in zargi ringi, bari in tambayi hanci."

Ya kwance tiyon ta gefe biyu, ya goge bakinsa da tsumma, ya sa a baki ya hura. Kumatunsa suka kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi. Babu abin da ya fita. Ya miƙa wa Alhaji Badamasi.

"Gwada. Kai ka fi ni iska."

Alhaji Badamasi ya ƙi karɓa. Malam Gide ya ɗauko waya mai kauri ya zura ta ɗaya gefen, ya tura, ya murɗa, ya sake turawa. Wani abu ya faɗo a kan benci. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, baƙi ƙirin da mai. Malam Gide ya ɗauka, ya wanke shi cikin kananzir, ya ɗaga shi a rana ya gyara tabarau.

Totuwar masara ce. An fiƙe ta da wuƙa daidai faɗin tiyon, da sauran busasshiyar laka a jikinta.

"Shekara arba'in ina wanga aiki," ya ce. "Na ga gidan zanzaro cikin tiyo. Na ga tsumma. Ban taɓa ganin inji ya ci masara ya bar totuwa ba. Wanga aikin hannu ne, kuma mai hannun ya iya fiƙa."

Alhaji Badamasi ya matso. "Wa zai yi haka? Maƙiyi ne. Wani ne ke son motar ta mutu."

Ba wanda ya ga lokacin da aka sa totuwar. Motar ta yi wata uku a gidan da mutane ke shiga suna fita, kuma shugaban kwamiti da kansa ya riga ya ɗora laifin a kan wani da ba a sani ba. Almu ya dubi fiƙar, ya gane ta. Haka yake fiƙe kowane marfi, gefe uku, da 'yar wuƙarsa ta aljihu.

"Ni ne," ya ce.

Su biyun suka juyo.

"Ni na sa ta. Sati na farko da na aje motar, na buɗe akwatin iskan nan na iske ɓeraye sun yi sheƙa, har da 'ya'ya. Mashin ɗin maƙwabcina sun riga sun cinye mashi wayoyi. Sai na yi mata yadda nake wa rumbu. Duk inda na ga kafa na fiƙe totuwa na cusa, na shafe da laka. Salansa, bakin iska, ko'ina. Na ga wata 'yar kafa cikin akwatin, ita ma na toshe. Bakwai na sa. Ranar da aka gyara kwalbati na ƙirga bakwai na cire."

"Shidda da rabi ka cire," in ji Malam Gide. "Kanta ya zo hannunka, gindinta ya shige ciki."

Ya zauna a benci ya fara dariya. Ya cire tabarau ya share ido, ya sake dubar totuwar, dariyar ta dawo. Wani mai walda daga rumfar gaba ya leƙo ya tambayi lafiya.

"Lafiya lau. Mutanen Tafoki ne suka kawo mani rumbu mai taya huɗu." Ya juya ga Almu. "Ba ka yi wauta ba, ka ji ko. Wayarka ko ɗaya ɓera bai taɓa ba, na duba. Abin da ka manta guda ne: rumbu ana son ya toshe, inji ana son ya yi numfashi. Tana tahiya a hankali iskar kaɗan ce, gaskit na iya riƙewa. Ka hau kwalta ka daɗe, ta taru, ta nemi inda ya fi rauni ta tura mai ta nan."

"Ringin fa?" in ji Alhaji Badamasi.

"Yanzu za mu ji."

Ya wanke tiyon, ya hura, iska ta fita da ƙara. Ya mayar ya ɗaure. Ya sake ɗaura ledar a bakin mai, Almu ya tayar ya taka totur ya riƙe. Ledar ta yi rawa kaɗan, ta kwanta. Ya ƙara takawa. Ba ta tashi ba.

"Ringinku lafiya lau. Injin nan zai binne ni da kai, Alhaji."

Bai tsaya nan ba. Bayan sun yi azahar ya sake shiga rami, ya ɗaure kusoshin gaskit ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke baƙin layin, ya sake shafa farar ƙasa. Alhaji Badamasi ya ce ya gamsu, rana na tafiya. Malam Gide ya ce shi bai gamsu ba, kuma garejinsa ne. Suka sake bin hanyar Mabai, gudu iri ɗaya, tsawon lokaci ɗaya da na farko. Da suka dawo Alhaji Badamasi ya tuɓe riga ya shiga ramin ba a ce masa ba. Ya haska daga gaba har baya. Farar ƙasar tana nan fara.

Malam Gide ya ce a canja gaskit ɗin in lokacin juye baƙin mai ya yi, don ya sha wuya, amma zai kai. Ya naɗe totuwar a takarda ya ba Almu.

Sun bar Ƙanƙara kafin la'asar. Sun wuce rabin hanya sannan Alhaji Badamasi ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Ko ta ina aka bi, laifin dai naka ne."

"Totuwa tawa ce, Alhaji. Zan faɗa da bakina ranar Juma'a. Amma ba ita aka tuhume ni da ita ba. Wanda ya toshe tiyo daban, ɓarawo daban."

"Ban ce ɓarawo ba."

"Matata Hajaratu ta je rijiya jiya, mata suka yi shiru har ta bar wurin. Mani ya kira ni shina tambaya ko gaskiya ne an ce da man marasa lafiya yake casa. Har Sabuwa maganar ta kai."

Da suka hango rufin kwanon unguwarsu, Alhaji Badamasi ya juyo.

"Alhamis akwai masu ta'aziyya Sabuwa," ya ce. "Ka aje mani kujerar gaba."

Ranar Alhamis motar ta kai mutum bakwai Sabuwa ta dawo da su. Alhaji Badamasi ya duba geji kafin a tashi, ya duba da aka isa, ya duba da aka dawo. Sau ukun man yana kan layi. A Sabuwa ya sa Almu ya kai shi inda Mani ke casa. Ya tsaya cikin ƙaiƙayi da ƙarar inji ya yi magana da shi kamar minti biyar. Almu yana cikin mota, bai ji abin da suka ce ba. Ya dai ga Mani ya kashe injin, ya ba Alhaji hannu biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar kwamitin ya zauna a inda ya zauna ranar Asabar. Wannan karon mutane sun fi talatin a tsaye, don labari ya riga ya zaga. Almu ya kwance takarda ya ajiye totuwar a kan tabarma, ya ajiye makullin a gefenta. Ya faɗi abin da ya yi, tun daga sheƙar ɓeraye har bakwai ɗin da ya ƙirga, bai rage ba bai ƙara ba. Aka yi dariya a wurin ledar. Shi bai yi ba.

Maharazu ya ce an gode Allah da aka gano, amma sakaci ma dalili ne, a duba.

"Wane sakaci?" in ji Hajiya Dada. "Mashin nawa ɓeraye suka kashe a unguwar nan da daminar nan? Naka fa, Maharazu, ba a baro aka kai shi Faskari ba? Mutum ya tsare mana mota wata ukku a gindin rumbu, ya mance rabin totuwa, ya zo ya faɗa da kanshi alhali ba wanda ya gan shi."

Maharazu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Sai aka juya ga Alhaji Badamasi.

Ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi a zaman kwamiti.

"Ni na shiga ramin, sau biyu. Na ga inda man ke hita, na ga ya daina. Ranar Asabar na yi magana a nan ban kama suna ba, amma kowa ya san wa nake nuhi. To yau zan kama. Almu bai ɗauki man motar nan ba, ko cokali guda. Mani bai karɓa ba. Ni na yi kuskure, kuma na yi shi a gaban mutane. Malam Almu, ka yahe mani."

"Na yahe, Alhaji. Allah ya yahe mana baki ɗaya."

"Akwai mai ganin a canja direba?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Alhaji Badamasi ya sunkuya ya ɗauki makullin daga tabarma, ya taka har inda Almu yake, ya sa masa a hannu. Wani daga baya ya yi kabbara, matasa suka ɗauki tafi, wata tsohuwa daga bayan danga ta rangaɗa guɗa. Almu ya zura makullin a aljihu ya danne bakin aljihun da tafin hannu.

Hajiya Dada ta tattara mayafinta ta miƙe.

"Almu, baɗi in kwalbati ta sake karyewa, kada ka taɓa wuƙa. Ka zo gidana, kyanwata ta haihu huɗu."

"Biyu za ki ba ni, Hajiya. Ɗaya a gaba, ɗaya a but ɗin baya."